Tulun da Ya Koma Bencin Baya

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani magidanci mai suna Habila, wanda bakinsa ya fi gonarsa albarka. In ka zauna da shi a inuwa, kafin kunu ya huce za ka ji ya ce, "Duk garin nan ba wanda ya san Kaka Afiniki kamar ni. A bayanta na girma, a kwanonta na ci. Tulunta kuwa, kun ga wurin nan da ya yi santsi a gefensa yana ƙyalli? Hannuna ne ya goge shi, saboda yawan ɗauka."

Maganar ɗaukar tulu gaskiya ce, amma rabi. Kaka Afiniki ita ce mai kaɗa tulu a zumuntar mata tun majami'ar tana da rufin ciyawa. Babban tulu ne baƙi. Takan girke shi a kan gammo, ta riƙa dukan bakinsa da ɗan matashin tsumma, sai ka ji kamar zuciyar majami'ar ce take bugawa. Habila, jikanta, shi ne ke ɗauko mata shi kowace Lahadi tun yana saurayi. Sai dai a bakin ƙofa yake sauke shi, ya zagaya gefen maza, ya nemi kusa da taga inda iska ke shigowa, ya lumshe ido. In an yi magana ya ce addu'a yake yi. Kaka takan yi dariya ta ce, "Ai maigidana ya fi fasto addu'a, tasa har da minshari."

Kaka tsohuwa ce da ba ta son cin abinci ita kaɗai. In ta durƙusa addu'ar safe sai ta kira sunan kowa a gidan, har akuya mai ciki ba ta mantawa. In wani ya kwanta ciwo a unguwa, takan je da kunu da waƙa, ta zauna a bakin gado har mai ciwon ya gaji ya yi murmushi.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Habila a rai. Da tsufa ya kama Kaka, sai ta bar gaba inda masu kiɗa ke zama, ta koma benci na ƙarshe a jikin bango, kusa da ƙawarta Iya Lai'atu, mai ba da waƙa. Habila ya ƙulla a ransa cewa ƙananan matan zumunta ne suka ture ta. Ya taɓa tambayarta, ta ce, "Nan ɗin ya fi mini daɗi, maigida." Bai sake tambaya ba, bai kuma yarda ba.

Ana nan Ubangiji ya kira Kaka gida. Bayan girbi, ikilisiya ta sa ranar sujadar tunawa da ita. Akwai wata waƙa da Kaka da Iya Lai'atu suka haɗa tun suna amare, ba mai iya ta daga farko zuwa ƙarshe sai su biyu. Iya Lai'atu kuwa ƙarfi ya ƙare, 'yarta ma ta zo za ta tafi da ita birni. Ta ce, "Ku bar ni in yi wa ƙawata waƙarmu tukuna, ko a kan hanya na mutu ba komai." Saura mai kaɗa tulu.

Habila ya buga ƙirji ya ce, "Har tambaya ake yi? Abin a jini yake!"

Shugabar zumunta, Mama Damaris, ta ce, "Ba mu hana ka ba, Habila. Amma ka bar tulun a inda yake zama."

"Inda kuka jefa ta? Haba, Mama! A raye kun kai ta baya, a mace ma sai baya?"

"Tsaya mana in gaya maka dalili."

Ina! Ya riga ya kai bakin hanya, yana faɗa wa masu wucewa su zo da wuri.

Ranar ta zo, majami'a ta cika har waje. Habila ya sha babbar riga da hula. Ya sa tebur a gaban bagade, ya shimfiɗa farin zane, ya ɗora tulun a kai kamar amarya, ya jawo makirfo ya kafa a bakinsa. Ya gyara murya ya ce, "Jama'ar Allah, yau ni da na fi kowa saninta zan mayar wa Kaka darajarta." Matan zumunta suka dubi juna.

Ya fara kaɗawa. Iya Lai'atu ta miƙe a can baya, ta dafa benci, tana jira. Ya kaɗa, ba ta fara ba. Ya ƙara ƙarfi, har lasifika tana kuka, gumi ya jiƙa wuyan rigar. Da ta ga idanu sun yi mata yawa, sai ta ɗauki waƙar haka nan. Muryarta ta yi gabas, tulu ya yi yamma, masu amshi suka rabu biyu, waɗansu na bin ta, waɗansu na bin Habila. Tsohuwar ta dakata. Waƙar da ta riƙe wa ƙawarta tana neman mutuwa a bakinta.

Sai ta juya ga matar da ke kusa da ita, ta yi tambaya da babbar muryar nan tata da ita a ganinta raɗa ce: "Wai mijin Afiniki ya fara kaɗawa ne, ko har yanzu addu'a yake yi?"

Dariya ta ɓarke, har fasto ya sunkuyar da kai yana gyaran tabarau.

Mama Damaris ta nuna mata gaba. Iya Lai'atu ta ƙura ido, ta hango tulun a kan tebur, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Af! Maigida, me ya kai shi can? Ai kunnuwana sun daɗe da yin sallama da ni. Na ce wa Afiniki zan bar waƙa, ta ce ba ta yarda ba. Ita ce ta sauko da tulun nan wurina. Nakan tuɓe takalmi in jingina ƙafata a jikinsa, in ta buga in ji a ƙashina, in bi. Duk matan nan sun sani. Kai da ka fi kowa saninta, ba ta gaya maka ba?"

Wani dattijo daga gefen maza ya ce, "Ta gaya masa, yana cikin addu'a!"

Habila ya nemi inda zai sa fuskarsa, bai samu ba. Ya cire hular, ya ɗora gammo, ya ɗauki tulun a ka, ya ratsa tsakiyar majami'a da babbar rigarsa, kowa na kallo, har benci na ƙarshe. Ya girke shi a ƙasa. Iya Lai'atu ta zare takalmi, ta miƙa ƙafa, ƙafar ta zauna daidai a kan wurin nan mai santsi da ƙyalli.

Dattijon nan ya leƙo ya ce, "Habila, ashe hannunka yatsun ƙafa ne da shi?"

Habila ya ɗauki matashin tsumman. Ya durƙusa ya buga, hawaye na sauka a kan rigar. Tsohuwar ta ce, "Sannu-sannu, maigida, ba sussuka kake yi ba." Ya sassauta. Sai ta rufe ido, ta ɗaga murya, waƙar ta tashi cif, ta kai ta har ƙarshe.

To, 'yan'uwa, ga fassarar misalin nan. Tulun shi ne baiwar da Allah ya ba kowannenmu, ko murya, ko hannu, ko ƙafar zuwa gaisuwa. Teburin gaba shi ne son a gan mu. Habila ya ɗauka daraja a gaba take, shi ya sa da ya ga kakarsa a baya ya ce an wulaƙanta ta. Bai sani ba ƙauna ce ta kai ta can. Haka Ubangijinmu Yesu ya yi mana: da ya ga kunnuwanmu sun toshe, bai tsaya a sama yana ƙara ƙarfin murya ba, saukowa ya yi har inda muke zaune, kusa yadda za mu taɓa shi.

Kuma ku lura, mutum yana iya ɗaukar kayan tsohuwarsa shekara da shekaru bai san zuciyarta ba. Ku da kakanninku ke da rai, ku zauna ku tambaye su, in sun ba ku gajeruwar amsa ku sake tambaya. Mu da namu suka riga mu, ba a kan tebur za mu tuna da su ba. Akwai wanda suka bari a bencin baya, ya tuɓe takalmi, yana jiran mai sauko da tulu.