Malafar Tungar Kaba

Ku gyara zama. Ni labari kawai zan bayar, hukunci naku ne.

Tungar Kaba ƙauye ne a bakin titi, sana'ar mutanensa saƙar malafa. Da aka gyara titin ya yi sumul, sai motoci suka daina tsayawa. Masu fura da masu dafaffen ƙwai su wuni a rana, su koma gida da kayansu. Hakimi ya aiko cewa in kaka ta yi kasuwar ba ta farfaɗo ba, za a mayar da ita garin gaba. Aka taru gindin tsamiya aka sha surutu, aka tsaya a kan a saƙa malafar da mai wucewa ba zai iya kawar da kai daga gare ta ba.

Tasalla ce ta ɗauki aikin, tsohuwar da babu na biyunta a saƙa. Mata suka yi ta jiƙa mata kaba, amma ba ta yarda wani hannu ya taɓa saƙar ba. Wata biyu tana durƙushe, har malafa ta kai faɗin ɗaki biyu, da adon jar fata a bakinta. Ranar da ta gama, yatsunta suka sage. Tun daga nan ko faifai ba ta ƙara saƙawa ba.

To, a garin nan mace a tsakar gidanta take saƙa, haka aka gada. Duk masu wayon da suka taru gindin tsamiya babu wanda ya tuna da ƙofar zaure. Ƙarti ashirin suka ɗaga malafa, suka tsaya suna kallon ƙofar da jaki mai kaya ma da ƙyar yake wucewa. Aka gwada ta saman katanga, bakinta ya fara karyewa. Hanya ɗaya ta rage, ta gidan Sallau maƙwabcin Tasalla, kuma soron da mahaifinsa ya gina shi ne ya tare ta. Kowa ya sunkuyar da kai. Sallau ya shiga ya fito da diga, ya ce, "Ku matsa, kada ƙasa ta zubo muku." Daminar nan a rumfar kara ya yi ta, shi da iyalinsa.

Aka kafa malafa a kan turaku huɗu. Mako uku motoci na wucewa, fasinjoji na leƙe, babu wanda ya taka birki. Sai Mati direba, ɗan garin, ya soma tsayawa daidai wurin, ya buɗe gaban mota ya ce, "Jama'a, ta ɗau zafi, a sauka a sha inuwa." Motar kuwa lafiyarta ƙalau. Fasinjoji su sauka suna tsaki, su ƙare da shan fura da ɗaukar hoto a waya. Kullum haka, har hoton ya zaga gari, matafiya suka fara matsa wa direbobinsu su tsaya. Mati kuwa a tasha an riga an sa wa motarsa suna akwala, babu mai shiga. Mai motar ya karɓe mukullinsa.

Kaka ta yi, kasuwa ta zauna daram. Yanzu har mai tsire ake da shi a ƙarƙashin malafar.

Da aka zo kafa allo, mai fenti ya rubuta "Malafar", ya tsaya da buroshi a hannu, ya ce suna ɗaya wurin zai ɗauka. Allon na nan har yau da rabinsa babu komai, su ukun kuma babu wanda ya taɓa buɗe baki ya nema.

To, tsakanin mai yatsu, da mai soro, da mai mukulli, sunan wa za a rubuta?