Ƙarin Fanshon Baba Clifford

"To yanzu ƙara mini aka yi, ko rage mini?"

A kantin magani na ji wannan tambayar. Muryar surukina ce, Baba Clifford, yana yi wa abokinsa Norman magana. Na laɓe a bayan layin sabulai don kada ya gan ni.

Baba Clifford tsohon mahaƙin kwal ne, mutum mai girman kai, ba ya yarda a ga gazawarsa. Da aka ƙara kuɗin fansho a watan Afrilu, har shayi ya saya wa abokansa. Ashe 'yan fam ɗin nan sun tsallakar da shi iyakar da aka yanka wa masu ƙaramin ƙarfi. Cikon kuɗin da gwamnati ke ba shi ya tsaya, tallafin haya ya ragu, na ɗumama gida ma ya tafi.

Norman ya ce, "Kai tsohon banza, gwiwoyinka sun gama aiki. Cike takardar neman tallafin masu lalura mana, wataƙila a mayar maka."

"Na karanta ta. Wai in rubuta cewa ba na iya wanka da kaina. Ni? Shekara talatin ina ƙarƙashin ƙasa!"

"Ci gaba da taurin kai, ka koma can da wuri."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Da sanyi ya shigo, duk Lahadi muna zuwa gidansa, mu tarar da shi cikin kwat da hula. Mijina Kieran ya ce, "Baba, gidan nan ai firji ne."

"Ku yaran yanzu ba ku da jini a jika."

Na kai hannu na taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki. Sanyi ƙalau. Na ɗago, muka haɗa ido da Baba Clifford. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "'Yar nan, ɗora mana shayi." Wata biyar ne da aurena. Na sunkuyar da kai, na wuce kicin.

A watan Janairu sanyi ya kama masa ƙirji. Kwanansa tara a asibiti ya rasu.

Ni na kwashe kayansa. A cikin gwangwanin biskit na sami takardar nan ta masu lalura. Ya rubuta sunansa da adireshinsa tsaf. A gurbin tambayar wanka babu komai sai ɗigon biro guda huɗu, inda ya ɗora ya ɗaga. Har yau Kieran yakan ajiye cokali ana cikin cin abinci, ya ce, "Da ma wani ya san halin da yake ciki."

Darasin shi ne, idan an yi wa tsohonku ƙarin fansho, kada ku tsaya ga murna, ku zauna da shi ku duba abin da ƙarin ya janye. Neman haƙƙi ba roƙo ba ne, kuma kunyar da ta hana ka magana tana iya cin rai. Wannan na sani yanzu. Amma takardar na saka ta a aljihu, Kieran bai gani ba. Na yanke ba zan faɗa masa cewa ni na sani ba, ba zan faɗa wa kowa a gidan ba.