Ƙwan Da Aka Bari a Soket

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai sayar da kayan lantarki. Shagon na mahaifinsa ne. Da ɓarin jikin tsohon ya shanye, sai ɗan ya karɓi shagon, ya shimfiɗa wa uban katifa a ɗakin da ke bayan shagon. Ɗakin ba shi da ƙofa sai ta cikin shago.

Kun san yadda ake sayar da ƙwan fitila. Akwai soket a kan kanta, a ɗaura ƙwan a gaban mai saye, ya kawo haske, a cire. Tsohon nan a zamaninsa ba ya cirewa da wuri. Yakan bar shi yana ci, a taɓa hira, sannan ya sa hannu ya ji ɗuminsa.

Ɗan kuwa ya gano wasu ƙwayaye a intanet, daga wata ƙasa mai nisa, arha kamar an tsinto. Bai san mai yin su ba, bai ga tambarin kowace hukuma a jikinsu ba. Ya yi odar kwali-kwali. Tun ranar farko ya bar ɗaya a kunne, ya ga gindinsa ya narke, robar tana ɗiga, tana wari.

Ya gani da idonsa. Me ya yi? Ya mayar? Ya zubar? A'a. Saurin hannu ya koya. Ƙwai na kawo haske, ya fizge shi, ya ce wa mai saye ga shi nan lafiya lau. Wanda ya dawo da ƙorafi, a ce masa wayoyin gidansa ne suka lalace.

Uban ya ji warin daga kwance. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Ɗana, wannan kaya wuta ne. Kada ka kai wa mutane gidajensu."

"Baba, ka huta, kasuwar yanzu ba irin taku ba ce."

Wata rana da hantsi wata mata ta zo saye. Ya ɗaura ƙwan ke nan aka ɗauke wuta. Matar ta ce za ta dawo. Sai aka kira shi a waya, sabon kaya ya iso. Ya leƙa, Baba na barci. Ya ja ƙofar ƙarfe, ya danna kwaɗo, ya tafi. Ƙwan da ba ya haske, wa ke tuna shi?

Bayan tafiyarsa aka kawo wuta. A karon farko ƙwan ya samu lokacin da ake hana shi. Ya ci, ya yi zafi, ya ɗiga a kan kwalayen sauran ƙwayayen, gobara ta tashi.

Maƙwabta sun ji muryar tsohon yana kiran ɗansa. Kafin su fasa kwaɗon, ya daina kira.

Ɗan nan yana nan da rai. Ba ya iya zama a ɗakin da fitila ke ci.

Ya 'yan uwa, wallahi duk lokacin da na tuna shi zuciyata sai ta yi nauyi. Ba arha ce ta kashe uban nan ba. Aibin da ɗansa ya sani ya ɓoye ne. Ya ɗauka gidajen wasu yake aika wa wutar, ashe a ƙofar mahaifinsa ya ajiye ta. Kai mai shago, wane aibi kake rufewa da saurin hannu? Kai mai saye, ka san abin da ka rataya a saman 'ya'yanka?

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci, ya tsare iyayenmu daga abin da hannayenmu suka aikata. Amin.