Waziri Jibo da Audugar Iya Tabawa

An yi wani sarki a Birnin Maɗaci, ana ce masa Sarki Jatau, mutum mai kyauta da kwarjini, wanda ba a taɓa jin ya ci dukiyar maraya ba, sai dai Allah bai hore masa jira ba. In ya ce a kawo ruwa, kafin bara ya kai bakin randa ya riga ya aiki wani ya ga abin da ya tsare na farko. Yana da ɗa guda, Tunau, ɗan shekara biyar, kuma da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron ya kwaso halin nan kaf bai rage ba. Kowa a fada ya san inda aka gado shi, amma wa zai faɗa?

Wata rana aka gaya wa yaron cewa akwai 'yan tsaki a cikin ƙwan da wata kaza ke kwanci a kai, saura kwana uku su fito. Ya kori kazar, ya farfasa ƙwan duka goma sha biyu, sannan ya faɗi yana birgima don bai ga abin da aka yi masa alkawari ba. Da labari ya kai kunnen Sarki, ya sa aka kira Wazirinsa Jibo, ya ce masa a gaban fadawa:

"Waziri, wanda ya fasa ƙwai yau don ya kasa jiran kwana uku, gobe gari zai fasa. Na ba ka kwana arba'in ka koya wa yaron nan haƙuri. In wa'adi ya cika na same shi yadda yake, ka ajiye rawanin nan, ka kwashi iyalinka ka bar mini ƙasa."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita. Shekararsa ashirin da bakwai a kan wannan muƙami, bakuna talatin ke ci a gidansa, kaburburan iyayensa suna birnin, kuma ba shi da ko taƙin ƙasa a wani wuri. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Ya fara da malamai. Suka zaunar da yaron suka yi masa nasiha mai daɗi, suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, shi kuwa ya ce a kawo masa romon yanzu. Waziri ya koma ga masu ba da labari, don ya lura yaron na son labari kamar ransa. A nan ne aka yi kuskuren da sai mutanen fada ke yin irinsa: da zarar an fara, yaron zai ce a faɗi ƙarshen, mai labari kuwa sai ya ce ranka ya daɗe, ya tsallake tsakiya ya faɗa, domin a fada ba a sa ɗan sarki jira. Haka kwana goma sha tara suka tafi a banza, Waziri na ƙirga su yana ramewa.

Ran na ashirin, bayan la'asar, ya bi ta unguwar masaƙa, ya ga abin da ya tsayar da shi. Ƙananan yara wajen goma ne zaune a gindin ɗurumi, ba mai motsi, kowa ya sunkuyar da kai yana cire gurya daga auduga da 'yan yatsunsa, a tsakiyarsu kuwa wata tsohuwa mai kaɗi, ana kiranta Iya Tabawa. Ga yadda take yi: muddin mazarinta na juyawa tana jan zare, bakinta na ba da labari, auduga na ƙarewa labari zai tsaya, ko da a tsakiyar magana ne, kuma ba zai ci gaba ba sai yaran sun cire mata guryar wata audugar sun tara. Ba don koyarwa ta ƙirƙiro wannan ba, idonta ne ya yi rauni, ba ta da mai taya ta. Waziri ya zayyana mata mas'alarsa, ta yarda, da sharaɗin yaron ya zo ba dogari, ya zauna a tabarmar da kowa ke zama.

Ranar farko ta kusa kashe Waziri. Labari ya yi daɗi, auduga ta ƙare, Tunau ya ce a faɗi ƙarshen, tsohuwa ta miƙa masa auduga. Ya watsar, ya yi ihu har masaƙa suka leƙo. Waziri ya matso yana gumi, ya roƙe ta a hankali ta faɗa wa yaron ƙarshen, ko da kalma biyu ne, kada maganar ta kai fada. Ta ce:

"Ranka ya daɗe, in na faɗa masa yau, na cuci yaran nan da suka yi aiki, shi ma na cuce shi. Kuka ba ya kisa. Ka bar shi."

Yaron ya koma gida bai ji ƙarshen ba, ya ƙi cin tuwo, amma washegari tun kafin la'asar shi ya riƙa jan rigar Waziri. Ya cire gurya uku ya gaji. Wata rana ya yi gaggawa ya miƙa audugarsa da gurya a ciki, zare ya tsinke, labari ya tsaya, yaran suka yi masa caa, abin da ba a taɓa yi masa ba, ya sha kunya ya sake cirewa. Wata rana ya yi aiki lafiya, kashegari ya ciji ɗan wani masaƙi. A gida kuwa yana nan yana fizge abinci kafin ya huce. Ran kwana talatin da tara Waziri ya tambayi tsohuwa ko tana ganin an dace, ta ce ita ba ta yi wa kowa alkawarin kwana arba'in ba. Ya koma ya tarar matansa sun fara ɗaure kaya, bai hana su ba.

Da wa'adi ya cika, Sarki ya ce ba ya son bayani, zai je ya gani da idonsa. Aka shimfiɗa masa buzu a gefen ɗurumi, Waziri ya tsaya a bayansa. Iya Tabawa ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, ta kama labarin wani mai fito da ya ɗauki makaho da bunsurunsa a kwalekwale. Ta kai inda suka isa tsakiyar kogi, ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, wani kada ya ɗago kai kusa da hannun makahon, sai auduga ta ƙare. Ta ajiye mazari, labari ya tsaya.

Sarki, wanda ya manta da abin da ya kawo shi, ya ce, "To, sai aka yi yaya?" Ba ta amsa ba. Fuskarsa ta sauya, ya ce umarni ne, ta ƙarasa. Waziri ya runtse ido yana salati a zuci, ya tabbata yau ba rawaninsa kaɗai zai tafi ba, har da tsohuwar da ya jawo wa bala'i. Sai ga Tunau ya taso da auduga cike da hannu, ya zuba a kan buzun ubansa, ya ce:

"Baba, ba a yin haka. Sai an cire gurya. Kuma kada ka yi sauri, zaren zai tsinke, mu duka mu rasa."

Ya koma wurinsa ya sunkuyar da kai. Sarki ya daɗe yana duban audugar, Waziri kuwa bai taɓa jin lokaci ya yi masa tsawo irin wannan ba. Can sai Sarki ya naɗe hannun rigarsa ya fara cirewa, a hankali, ba iyawa, har wata yarinya ta nuna masa yadda ake yi. Sai da aka tara, mazari ya juya, aka ji yadda makaho ya tsira.

Sa'an nan Sarki ya juya ya ce: "Waziri, na zalunce ka. Na yanka maka kwana arba'in a kan abin da ni na shekara hamsin ban iya ba, na kuma ɗora rayuwar iyalinka a kansa. Ka yafe mini, ka je ka ce su kwance kaya." Waziri ya faɗi zai yi godiya, kuka ya ci ƙarfinsa.

Sarki ya ƙara masa alkyabba, ya ba Iya Tabawa gonar auduga da rumfa, ya ce duk ƙaramin yaro a birnin, na fada da na talaka, ya zauna a tabarmarta, kuma kada wanda ya ƙara cewa ta gajarta labari. Tunau bai zama waliyyi ba, ya ci gaba da ɓarnarsa irin ta yara, amma ya san akwai abin da ba a samu sai an jira. Shi ya sa masu hikima suka ce adalci ba ya zama a gidan mai gaggawa, domin shugaban da ba ya iya jiran ƙarshen magana, a kan rabinta zai yanke wa mutane hukunci.