Nomau da Ya Sayar da Gonarsa Mangala-Mangala

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan cika tabarma."

"Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne."

To, ku matsa mini in miƙe ƙafa tukuna. Tabarmar nan ɗaya ce, ku kuwa kullum ƙaruwa kuke yi.

Wani gari ne ana ce masa Tungar Ɓaure, gabas dutse, yamma gulbi. Tun da Allah ya yi garin, dutsen bai matsa ba, gulbin bai matsa ba. Mutane kuwa sai haihuwa suke yi. Kullum ana sunan jariri, ba a taɓa jin an yi sunan sabuwar gona ba. Uba ya mutu, a raba gonarsa gida biyar. Ɗa ya mutu, a raba tasa gida bakwai. Har ta kai in mutum ya yi atishawa a gonarsa, maƙwabcinsa ne ke goge fuska.

A garin akwai wani mutum, sunansa Nomau. Wanda ya raɗa masa sunan nan Allah ya yafe masa, don shi da fartanya sai gaisuwa daga nesa. Shi kaɗai ubansa ya haifa, saboda haka ya gaji gona sukutum ba a raba ba, mai baƙar ƙasa, a bayan gari. Ita ke ciyar da shi da matarsa Hansai da 'ya'yansu. Ba shi da wata gonar, ba shi da sana'a.

A gefen gonar kuma akwai Kwaɗo. Shi ma matsin ya iso shi, don kududdufin kakanninsa an cike shi an yi gidaje. Sai ya koma raɓe a ƙarƙashin wata fasasshiyar randa, shi da iyalinsa.

Ran nan Nomau na kwance a inuwa, sai Kwaɗo ya yi tsalle ya zo.

"Sannu da aiki, Malam Nomau."

"Yawwa, Kwaɗo. Aiki kam muna cikinsa."

"Ni fa mamaki kake ba ni. Kana kwance a kan dukiya, kana jiran gumi ya ciyar da kai. Mutanen garin nan faɗa suke yi a kan faɗin gona. Faɗi ai ƙarewa yake yi. Zurfi fa? Ka taɓa jin wanda ya ga ƙarshen zurfi?"

Sai Nomau ya tashi zaune.

Kwaɗo ya ce, "Ni mazaunin ƙasa ne, na san cikinta. Gonar nan da kake gani, a ƙarƙashinta akwai wata. A ƙarƙashin waccan ma akwai wata. Jere suke kamar kwanoni a ɗakin amarya. Ka sayar da ta sama, ka noma ta biyu. Ka ci riba, gona kuma tana nan."

Nomau ya ce, "Kai! Ashe ubana ya mutu bai san komai ba."

Kun ji fa. Mutumin da ya ciyar da shi har ya yi gemu, yau shi ne bai san komai ba.

Akwai wani mai lambu, Jatau, da yashi ya cinye masa wuri. Da ya ji labarin Nomau zai sayar da ƙasar gonarsa, ko hula bai tsaya sawa ba. Sai ga jakuna da mangala, suna shiga wofi suna fita cike. Sai aka kwashe baƙar ƙasa tas, jar ƙasa ta bayyana. Nomau ya ɗinka babbar riga.

Hansai ta ce, "Maigida, abin da jakunan nan ke fita da shi, yaushe za su dawo da shi?"

Ya ce, "Hansai, harkar zurfi ce, ba ki san ta ba. Ki tsaya a kan tukunyarki."

Damina ta zo, aka yi shuka. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya ce shi nan ya tsaya. Abin da aka girbe ko rabin rumbu bai kai ba.

Sai Nomau ya tafi wurin Kwaɗo. "Ina gona ta biyun?"

Kwaɗo ya ce, "Haba, Malam! Wannan ai murfinta ne. Wa ke cin tuwo bai buɗe akushi ba? Cire shi."

Abin nema ya samu. Sarkin magina dama yana neman jar ƙasar tubali, don gari na ta gini. Sai ga jakuna, suna shiga wofi suna fita cike. Nomau ya sayi rawani. Yanzu in zai shiga gonarsa sai ya gangara, in zai fita sai ya dafa.

Hansai ta ce, "Maigida, gonar nan fa ta fara kama da kwarya."

Ya ce, "Kwarya ba ita ke riƙe fura ba?"

Damina ta zo, aka yi shuka a kan yumɓu. Gero ya leƙo, ya kai idon sawu, ya ga abin da ake ciki, ya kwanta. A shekarar nan Hansai ta sayar da akuyarta, ta sayar da tasoshin aurenta, don yara su ci. Ni wallahi ita nake tausayi. Shi kuwa yana ƙofar gida da rawani yana koya wa mutane tattalin arziki.

Sai ya sake komawa wurin Kwaɗo, wannan karon da ɗan fushi.

Kwaɗo ya ce, "Ka yi haƙuri, saura ƙiris. Ba ka jin sanyin wurin? Albarka ce ke tasowa. Wanda ya haƙa rijiya ai ba ya tsayawa a laima."

Sai mata masu ginin tukwane suka zo da kwanduna. Suka kwashe yumɓu har suna yi masa addu'a. Da suka gama, sai ga falalen dutse a ƙasa, shimfiɗe daga wannan iyaka zuwa waccan. Nomau ya buga diga, diga ta yi tsalle ta dawo masa.

Ya ce, "Kwaɗo, wannan fa?"

Kwaɗo ya ce, "Madalla. Ba ya yoyo."

Bai gane ba sai da aka yi ruwan farko. Ruwa ya sauka, na gari ya gangaro, na dutse ya gangaro, duk suka haɗu a gonar Nomau. Gari ya waye, ga kududdufi har baki. Kwaɗo ya kwaso mata da 'ya'ya da surukai da dangin surukai, suka tare. Suka cika wuri da guɗa irin tasu.

Nomau ya tsaya a bakin ruwa ya ce, "Ku fita mini daga gona!"

Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Gonarka ce, Malam, ba mai ja da kai. Ko gaban alƙali zan ba da shaida. Shigo ka yi shuka, za mu matsa maka."

To, a nan ido ya raina fata. Kowa na gona yana shuka, shi kuwa sai ya bazama neman wuri.

Sai ya je wurin mai gari ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, a yanka mini wata gonar."

Mai gari ya ce, "A yanka daga ina? Daga dutse ko daga gulbi? Nomau, masaƙi na saƙa zane, maƙeri na ƙera garma. In ka ji inda ake ƙera gona, ka sayo mini biyu."

Sai ya je wurin maƙwabcinsa Korau. "Ka ba ni aron kunya biyu, in girbe in dawo maka da su."

Korau ya ce, "Mu tara ne a kan tawa. In na ba ka wuri, sai dai ni in tsaya da ƙafa ɗaya."

Sai ya cire rawani da babbar riga, ya naɗe, ya ce zai fanshi ƙasarsa. Jatau mai lambu ya nuna masa albasa kore shar, ya ce, "Ka tambaye su, in sun yarda." Sarkin magina ya nuna masa katangar wani gida, ya ce, "Ga ta can, ka yi sallama da masu gidan ka ɗauka." Masu tukwane kuwa suka ba shi tulu guda kyauta, suka ce ya rage zafi.

Da ya rasa tudun dafawa, sai basira ta sake taso masa. Ya ce zai cike ramin da kansa. Ya shiga ruwa, yana kankaro ƙasa daga gefen gabas yana zubawa a yamma. Mutumin da ke gudun fartanya, ga shi yana gumi har cikin ruwa. Yamma ta ɗan taso, gabas ta rufta, ta ja kunyoyin Korau suka bi ruwa. Korau ya fito da sanda, da shi da sauran takwas ɗin. Kwaɗi na kallo suna cewa a yi a hankali kada a tayar musu da yara.

Sai ya koma gida jiƙe sharkaf, jiki duk tsami, ciki na kuka. Yara na zaune a gefe. Hansai ta ajiye masa akushi. Ya buɗe, sai ga tuwon gero fari sol, mai ƙamshi, irin wanda ya daɗe bai gani ba. Ya kai loma, ya ƙara, ya ƙara.

Ya ce, "Kai, Hansai! Ina kika samo gero mai kyau haka, rumbu ba ko tsaba?"

Ta ce, "Iri ne."

Hannunsa ya tsaya a cikin akushi. "Wane irin?"

"Irin shuka. Wanda babanka ya bari, da ake zaɓar manyan zangarnu kowace kaka a rataye. Shi na daka."

Ya zabura. "Kin haukace? Wa ke cin iri? Me za mu shuka?"

Ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A ina, Maigida?"

Sai ta ja akushin daga gabansa ta tura wa yara, ta ce, "Ku cinye, kada ku rage. Daga wannan babu wani."

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma da raminsa yake taƙama. Riga in ta yage a ɗinka wata, akuya in ta mutu wata ta haihu, amma ƙasa ba ta haihuwa. Duk wanda ya zo yana koya muku yadda za ku rabu da taku, ku fara tambayarsa inda shi yake kwana. Ku tashi, kowa ya nemi uwarsa, bakina ya bushe.