Furosesar da Na-Sani Ya Danna da Ƙarfi

A masana'antar da ake ɗura ruwa a robobi akwai wani ma'aikaci da kowa ke kira Na-Sani. Tun yana ƙarami, kafin ka kai ƙarshen maganarka zai ce, "Na sani, na sani," har sunan ya bi shi. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana da kai. Aibinsa ɗaya ne: ya gwammace ya yi asara da a ce wani ya koya masa abu.

Aiki ne ya kai shi gari mai nisa da gida. Ɗaki ɗaya ya kama a hawa na uku, tagarsa tana kallon bangon wani gini. Daga katifa sai kujerar roba, sai tebur da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashinsa. Wuni yake yi tsaye gaban injin da ke liƙa takarda a jikin robobi, inda ƙara ba ta barin kowa ya yi hira. In ya dawo ya ci abinci shi kaɗai, ya wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya.

Ranar Lahadi da yamma ce kawai ɗakin ke cika da muryoyi. A lokacin yake sa abin ji a kunne, ya shiga wasan ƙwallo ta intanet tare da yayansa da abokansu biyu na ƙuruciya, Dogo da Tela, kowa yana riƙe da ɗan wasa guda. Yayan nasa shekara biyu ke nan yana kan keken guragu tun bayan wani hatsari, kuma ba kasafai yake fita ba. Yakan ce cikin dariya, "Ku ba ni ƙwallo, a nan kaɗai nake gudu."

Sai aka sabunta wasan, ya yi wa kwamfutar Na-Sani nauyi. Ana tsakiyar kai hari ɗan wasansa zai daskare a fili kamar an dasa shi.

"Na-Sani, ka tsaya ɗura ruwa ne?" in ji Dogo.

Kowa ya yi dariya. Shi ma ya yi, amma abin ya sosa masa rai.

Da ya tara ɗan abin da ya tara, wata Asabar ya rungumi kwamfutar zuwa kasuwar kayan lantarki. Aka nuna masa wani ƙaramin shago a ƙarshen layi. Ga mamakinsa, mai gyaran mace ce, mai tabarau, tana zaune cikin tarin wayoyi da fankoki. Ta kwance murfin, ta hure ƙura, ta haska ciki da tocila.

"Malam, kwamfutarka ba ta mutu ba, gajiya ta yi," ta ce. "Abu biyu take so. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ram, wato inda take baje aiki yayin da take yinsa. Ram ɗinka sanda ɗaya ce tal. Ka sa biyu iri ɗaya, masu giga takwas-takwas, za ka ga bambanci. Furosesa kuma akwai matsakaiciya da ta dace da wannan babban allon naka, wanda duk kayan ciki ke zaune a kansa. Abin da ka ce kana da shi zai isa duka biyun."

"Matsakaiciya?" Na-Sani ya taɓe baki. "Ni babba nake so, sabon yayi."

"Kowane allo da irin gurbin furosesarsa. Sabon yayi ba zai zauna a wannan ba. In ka saya, sai ka canja allon, ka canja ram, kuma aljihunka bai kai can ba. Bari in rubuta maka lambar..."

"Na sani, baiwar Allah. Tun kafin ki buɗe shago nake kwance kwamfuta."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta mayar da murfin ta ɗaure. "To, Allah ya ba da sa'a."

A hanyar gida ya yi ta saƙa cewa so take ta kakaba masa tsohon kayan da ya kwanta mata. A wayarsa ya ga tallan wani mutum da ke sayar da babbar furosesa ta hannu. Suka haɗu a bakin wata tasha, ya miƙa duk abin da ya tara, bai rage na ram ba ko kaɗan. Bai tambayi gurbi ba, don kada mutumin ya ɗauka baƙo ne a harkar. Nan take ya tura wa su yaya hotonta, ya rubuta: "Gobe za ku ga gudu."

Da hantsi ranar Lahadi ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya cire tsohuwar furosesa, ya ɗora sabuwar. Ba ta zauna ba. Ya juya ta, ba ta zauna ba. A cikin gurbin akwai ɗaruruwan 'yan ƙafafu sirara kamar gashi, kuma ko makaho ya shafa zai ji cewa girman bai zo ɗaya ba. Maganar matar ta faɗo masa. Maimakon ya tsaya, sai ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfi. Ya ji wani ɗan sauti, ƙuruƙus.

Da ya ɗaga, 'yan ƙafafun sun kwanta, wasu sun karye. Ya mayar da tsohuwar ya kunna. Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Sikirin ya zauna baƙi ƙirin.

Da yamma waya ta yi ta ƙara. Yaya ne. Na-Sani yana zaune a kujerar roba yana kallonta har ta yi shiru. Sai ya rubuta: "An riƙe ni a wurin aiki."

Lahadi ta gaba ya ce ba wuta. Ta bayanta ya ce kansa ke ciwo. Mutumin tasha kuwa lambarsa ta daina shiga. Shagon matar yana nan, amma Na-Sani ya fi son ya zagaye kasuwar baki ɗaya da ya bi ta layinta. Yammacin Lahadi ya zama mafi tsawo a makonsa. Yakan zauna yana jin maƙwabta suna hira ta bayan bango, yana jin ƙarar cokulansu, har hasken taga ya dushe. Wata rana ya lura cewa tun safiyar Asabar bai furta kalma ko ɗaya ba.

Sai da aka yi mako bakwai kafin ya iya ɗaukar waya ya kira. Matar yayansa ce ta amsa.

"Ashe kana raye," ta ce a hankali. "Ga shi nan."

Muryar yaya ta zo a sanyaye. Bayan gaisuwa Na-Sani ya runtse ido ya faɗi komai: shagon, shawarar da ya ƙi, tashar, yatsan da ya danna.



"Wannan ne kawai?" in ji yaya. "Ƙanena, ni na ɗauka gajiya ka yi da ni. Na ce mai ƙafa ya samu abokan yawo, me zai yi da na zaune?"

"Haba yaya! Wallahi ba haka ba ne. Ka ba ni 'yan watanni, zan sake haɗa ta, mu ci gaba."

"Da wa? Dogo da Tela sun jira mako uku, sannan suka koma wata ƙungiya. Ban ga laifinsu ba. Ni kuma na sa an naɗe kwamfutata a kwali, tana saman kabad. Ganinta yana dami na." Ya ja numfashi. "Da ka kira ka ce ta lalace, ai da mun yi hirarmu haka nan. Kowace Lahadi sai na sa a tura ni kusa da waya."

 Bayan sun yi sallama Na-Sani ya daɗe riƙe da wayar a kunne, ba kowa a ɗaya ɓangaren.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babban kaya ba shi ne kayan da ya dace ba. Wanda zai gyara abinsa da ɗan abin hannunsa, ya fara sanin abin da yake da shi, ya saurari mai sana'a ko wane ne, ya raba ƙarfinsa yadda kowane ɓangare zai samu. In abu ya ƙi shiga, a tsaya a tambaya, kada a danna. In kuma an riga an yi kuskure, a faɗa da wuri, domin allon kwamfuta ana sayen wani a kasuwa, amma ranakun da ɗan'uwanka ya zauna yana jiranka ba mai mayar maka da su.