Bilkisu da Lakar Darmanawa

Akwai wani direban bas a Gyaɗi-Gyaɗi mai suna Malam Ɗan'azumi. 'Yarsa Bilkisu ta karanci ilimin ƙasa a jami'a, har aka riƙe ta tana koyarwa. Aikinta shi ne ta haƙo laka daga can ƙasa, ta duba ta a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Garin furanni take nema, irin wanda ke maƙale wa ƙudan zuma a ƙafa. Garin nan ba ya ruɓewa a laka. Da shi take gane tsiron da ya taɓa fitowa a wuri, da kuma daɗewar ƙasar.

Abokansa a tasha kan yi masa ba'a. "'Yarka duk bokon nan a taɓo ya ƙare?" Shi dai sai ya yi murmushi.

Shekarar da soja suka koma bariki, aka ba wani ɗan jam'iyya, Alhaji Garba, kwangilar gina makarantar firamare mai bene a wani fili bayan Darmanawa. Aka turo Bilkisu da abokan aikinta su auna ƙasar.

Sama ƙasa ce mai tauri. Amma can ƙasa, hawa bayan hawa, garin furen bado ne da na kacalla, tsirran da ke fitowa a ruwa, da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Ta ce wurin ya shekara ɗaruruwa a matsayin tafki, kwanan nan aka cike shi da shara. Ba zai ɗauki bene ba.

Alhaji Garba ya zo har ƙofar gida da la'asar.

"Malam Ɗan'azumi, ka yi wa yarinyar nan magana. Jama'a na jiran romon dimokuraɗiyya, ita tana mana zancen fure. In ta sassauta, akwai aikin tuƙi a ofishina, ka huta da wahalar tasha."

Gaskiya bayan Malam Ɗan'azumi ya gaji da bas. Ya shiga gida ya sami 'yarsa.

"Bilkisu, kin tabbata?"

"Baba, na duba na sake dubawa. Yara za a zuba a saman benen nan. In ka ce in yi shiru, ban san yadda zan yi da kai ba, amma ƙasar ba za ta canja ba."

Malam Ɗan'azumi ya juya. Sannan ya fita ya ce, "Alhaji, na gode. Abin da ta gani shi za ta faɗa."

Aka yi ta zaginsu a unguwa, ana cewa sun hana yara makaranta. Wasu har gaisuwa suka daina. Daga baya dai hukuma ta mayar da ginin kan tudu wajen Ƙauyen Alu.

Alhaji Garba kuwa ya zagaye tsohon filin da katanga, zai yi shaguna. Damina ta biyu katangar ta tsage, gefe guda ya nutse har rabi. Sai a lokacin jama'a suka gane gaskiyar Bilkisu.

Ranar buɗe makarantar, Malam Ɗan'azumi ya sa babbar rigarsa ta sallah. Wani ɗan sanda ya tare shi a ƙofa.

"Baba, kai wane ne?"

Ya gyara hula. "Ni ne mahaifin Bilkisu."

Aka kai shi sahun gaba.

Darasi: Idan ɗanka ya tsaya kan gaskiyar abin da ya sani, ka tsaya a bayansa ko da za ka rasa wani abu. Ilimin da ake rainawa yau yana iya tsare rayuka gobe. Ku tura wa iyayen da kuka sani, su ma su karanta.